Shirin Kai Zomo Filin Nuni: Abin Da Ke Jiran Sabon Mai Kiwo A Unguwa Uku

Duk wanda ya san lungunan Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san cewa gine-gine ba su kori kiwo daga birnin Kano ba. Bayan tumaki da awaki da kaji da tantabaru, akwai gidaje da dama inda za a tarar da keji na katako da waya a jingine da bango, zomaye uku ko huɗu suna cin harawa a ciki. Galibin masu wannan kiwo 'yan makaranta ne da ƙananan ma'aikata, waɗanda ba su da filin ɗaure sa, amma ba su rasa taku biyu a kusurwar tsakar gida ba. Idan kiwon ya yi albarka, zomayen suka yi kyan gani, ba a daɗewa sai mai su ya soma sha'awar fitar da su bainar jama'a, ya gwada su da na 'yan'uwansa masu kiwo, ko Allah ya sa ya komo da takardar yabo da sababbin abokan ciniki.

Wannan sha'awa ba ta da aibu. Inda gizo ke saƙar shi ne, sabon shiga yakan ɗauka shirin nuni bai wuce a yi wa dabba wanka ranar jajibere a ɗura mata abinci ba. Alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Zomon da za a ɗora a kan teburin alƙali a watan Nuwamba, tun cikin Janairu ake soma shirinsa. Wanda kuwa ya tafi filin nuni da ka, yana iya rasa abin da ya fi kyautar, watau zafi ya kashe masa zomon a hanya, ko ya komo da cutar da za ta share masa keji gaba ɗaya cikin mako guda.

Inda ake nunin

Nunin zomaye zalla, mai alƙalai da dokoki a rubuce, al'ada ce ta Turai da Amurka. Ƙungiyar masu kiwon zomaye ta Amurka, wadda ake kira ARBA, ta samo asali ne tun 1910, kuma tana da littafi wanda ya fayyace siffar kowane irin zomo, da nauyinsa, da makin da ake ba kowane sashe na jikinsa. A Ingila kuwa an kafa majalisar masu zomaye a 1934. Duk zomon da zai shiga gasa a waɗannan ƙasashe sai yana da shaida ta dindindin. Amurkawa suna zana lamba da allura da tawada a cikin kunnen hagu, Turawan Ingila kuwa zobe suke zura wa ƙafar baya tun zomon yana ƙarami, in ya girma zoben ba ya fita.

A Kano da kewayenta kuwa, raɓawa zomo yake yi a inuwar manyan taruka. Nunin amfanin gona tsohon abu ne a Arewa. Tun zamanin En'e ake tara manoma su kawo damin gero da zangarniyar dawa da bijimai, a duba a ba da kyauta, kuma bikin kamun kifi na Argungu ma yakan haɗa da irin wannan nuni. Ga mai kiwo a Unguwa Uku, taron da ya fi kusa shi ne kasuwar baje koli ta duniya wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, KACCIMA, take shiryawa a filinta na Titin Gidan Zu, galibi daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. In an biyo Titin Zariya zuwa Dangi aka karya kwana, an kusa isowa ke nan. Na nesa kuwa shi ne nunin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya, wanda akan yi a Tudun Wada, kan hanyar Abuja zuwa Keffi a Jihar Nasarawa, inda jihohi sukan kawo amfanin gonarsu da dabbobinsu. Bayan waɗannan akwai ƙananan taruka, kamar ranar manoma da makarantu da ma'aikatun gona sukan shirya.

Aikin farko, saboda haka, shi ne mai kiwo ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin masu shirya taron tun da sauran watanni, ya ji ko a wannan shekara za a karɓi dabbobi masu rai, da kuɗin rumfa, da ko ana neman takardar likitan dabbobi. In akwai gasa, wanda zai yi alƙalanci ba zai wuce malamin dabbobi ko malamin jami'a ba, kuma ma'aunin da ya karanta a makaranta shi ne na waɗancan ƙungiyoyi na waje. In kuwa babu gasa, to, mai saye shi ne alƙali, kuma abin da yake nema a jikin zomo bai yi nisa da abin da ke cikin littafin ba.

Wane irin zomo?

Zomon da Bahaushe ya sa a karin magana, wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu, zomon daji ne, kuma dabam yake da na keji. Na daji yakan haifi 'ya'yansa da gashi, idanunsu a buɗe. Na gida, wanda asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, tsirara yake haifar nasa, kuma sai wajen kwana na 10 suke buɗe ido. Ba sa haihuwa da juna, don haka wanda aka tallata masa wani zomo da sunan ruwa biyu tsakanin na daji da na gida, ya riƙe kuɗinsa.

Gwamnatoci sun sha kiran jama'a zuwa ga ƙananan kiwo, tun daga shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976 har zuwa zamanin hukumar DFRRI wadda aka kafa a 1986, kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana nazari a kan zomaye. Irin da suka fi yaɗuwa a ƙasar nan ba su da yawa. Akwai fari sol mai jan ido wanda ake kira ɗan Niyuzilan, ko da yake a Amurka aka samar da shi. Akwai ɗan Kaliforniya, fari mai baƙin hanci da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya. Akwai Cincila mai ruwan toka, wanda ya fito daga Faransa, da kuma ɗan Holan, ƙarami mai farar ɗamara a kafaɗa. Amma fa mafi yawan zomayen da ke canza hannu a gefen masu kaji da tantabaru a kasuwannin Kano gauraye ne, an yi ta haɗa wannan da wancan shekara da shekaru ba tare da rubutu ba.

Wannan ba abin kunya ba ne, domin gaurayayyen zomo sau da yawa ya fi jure wa zafi. Abin kunya shi ne a rubuta masa sunan da ba nasa ba. Ba duk farin zomo mai jan ido ne ɗan Niyuzilan ba. Bisa ga ma'aunin Amurka, namijinsa da ya kammala girma yakan kai kilo 4 zuwa 5, zomanya kuwa kilo 4 da rabi zuwa kusan 5 da rabi, alhali farin zomon kasuwa sau da yawa ko kilo 3 ba ya kaiwa. Sikeli ba ya jin kunyar kowa. Sabon mai nuni ya fi samun mutunci in ya rubuta cewa nasa gauraye ne na nama, ya bar jikin zomon ya yi masa magana.

Lissafin watanni

A nan ne mai kiwon Kano yake da matsalar da takwaransa na Ingila bai san ta ba. Zomanya takan ɗauki ciki kwana 31, ko da ɗan ragi ko da ɗan ƙari. Manyan irin zomaye a gasar Amurka aji uku ake raba su: 'yan ƙasa da wata 6, da 'yan wata 6 zuwa 8, da waɗanda suka haura wata 8. Mai kiwon da yake son ya kai zomo ɗan wata 6 a ƙarshen Nuwamba, in ya ƙirga baya, zai ga lalle a haife shi a ƙarshen Mayu, watau a yi barbara a ƙarshen Afrilu. To, Afrilu kuwa shi ne tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Kano yakan haura digiri 40 da rana.

Zomo ba ya gumi kamar ɗan Adam. Ta kunnuwansa yake fitar da zafi, da kuma saurin numfashi, kuma yanayin da ya fi jin daɗinsa shi ne tsakanin digiri 15 da 21. Da zarar zafi ya wuce digiri 30 ya zauna, sai ya rage cin abinci, ƙwayoyin haihuwar namiji su raunana, har yakan daina ba da ciki na wani lokaci, kuma ko bayan sanyi ya sauka sai ya yi makonni kafin ya farfaɗo. Zomanya mai tsohon ciki kuwa ita ce ta fi kowa haɗari, domin tana iya mutuwa da rana tsaka a cikin keji mai rufin kwano. Sabon shiga da ya dogara ga barbarar Afrilu yana iya wayar gari a watan Yuni ba ɗa ba uwa.

Hanyoyi biyu ne suka fi dacewa da shekarar Kano. Ta farko, a yi barbara a tsakiyar Janairu, lokacin da hunturu ya sa namiji cikin ƙarfinsa. Za a haihu a tsakiyar Fabrairu, a yaye a ƙarshen Maris bayan mako shida, kuma kafin ƙarshen Nuwamba zomon ya kai wata 9, ya shiga ajin manya. Wahalar wannan hanya ita ce 'ya'yan za su ratsa bazara suna ƙanana, don haka dole a yi musu tanadi: a kai kejin ƙarƙashin darbejiya ko wata inuwa, a shimfiɗa zana a kan kwanon, a rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da iska ke shigowa, kuma ruwan sha kada ya yanke ko na sa'a guda. Wasu sukan ajiye ƙaramin tulu cike da ruwa a cikin kejin don zomon ya jingina da shi, mai firiji kuwa, in an sami wuta, gorar ƙanƙara ta fi.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yan nama. A gasar Amurka akwai ajin da ake kawo zomaye uku iri ɗaya, waɗanda ba su wuce mako 10 ba, kowanne tsakanin kilo 1 da rabi zuwa 2 da rabi, a duba cikar namansu da yadda suka yi daidai da juna. Mai son irin wannan sai ya yi barbara a tsakiyar Agusta, a haihu a tsakiyar Satumba, su cika mako 10 a ƙarshen Nuwamba. Ga ma'aikacin da bai daɗe da fara kiwo ba, wannan ta fi sauƙi, kuma ita ta fi kusa da abin da mai saye a Kano yake nema. Aibunta shi ne laimar damina, wadda ke haifar da zawon da ke kashe 'ya'yan zomo bayan yaye, sai an riƙa kwashe kashi kullum, ƙasan keji kuma ya zauna a bushe. Ya kamata kuma a sani cewa a ƙasa mai zafi zomo ba ya saurin girma kamar a can, don haka wanda nasa ba su kai wancan nauyi ba kada ya karaya. Su yi daidai da juna, su cika hannu, ya wadatar.

Abin da hannun alƙali ke nema

Alƙalin zomo ya fi aiki da hannu a kan ido. Kafin ya dubi kyau, sai ya fara neman aibin da zai fitar da zomo daga gasa, kuma irin binciken da mai kiwo ya kamata ya yi a gida ke nan tun wata biyu kafin taron. Yakan kifar da zomon rigingine ya ɗaga leɓensa. Haƙoran gaba na sama su ne ya kamata su hau kan na ƙasa. Haƙorin zomo ba ya daina tsiro har ya mutu, saboda haka in suka saɓa ba sa gogar juna, sai su yi ta tsawo har su hana shi ci, kuma da yake aibi ne da ake gado, irin wannan zomo ko barbara bai kamata a yi da shi ba. Sa'an nan ya ƙirga farata, biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a ta baya. Ya leƙa cikin kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa, ya duba ido da hanci. Akwai wata alama da sabon shiga ba ya lura da ita: zomo mai mura yakan share hanci da ƙafafunsa na gaba, don haka ko an goge masa hanci, gashin cikin ƙafar da ya dunƙule zai tona asiri. Daga nan ya shafa ciki ko akwai ƙari ko maruru, ya dubi ƙasan dunduniya ko wayar keji ta ci ta, ya tabbatar wutsiya a miƙe take, ya kuma tabbatar namiji ne ko mace kamar yadda aka rubuta. Sababbin masu kiwo da yawa sun sha kunya a wannan gaɓa ta ƙarshe.

In zomo ya tsallake wannan, sai a zaunar da shi a kan tebur, ƙafafun gaba daidai ƙarƙashin idanu, na baya a naɗe daidai cinya, alƙali ya bi da tafin hannunsa daga kafaɗa zuwa ƙugu. A zomon nama, ƙugu da cinyoyi su ke da maki mafi yawa, sai gadon baya, sai kafaɗu. Ana son hannu ya ji nama mai tauri, kada ya ci karo da ƙashi a tsaye, kada kuma ya nutse cikin kitse. Daga ƙarshe a shafa gashin daga wutsiya zuwa kai a ga ko zai koma ya kwanta nan da nan. Zomon da ke cikin zubar da gashi ba ya cin gasa, komai kyawun ƙirarsa. Masu ɗan Kaliforniya suna da wani ɗan rabo a nan, domin baƙin hancinsa da kunnuwansa yakan koɗe da zafi ya kuma ƙara duhu da sanyi, don haka taron farkon hunturu ya fi yi masa kyau.

Zomon da bai saba da hannu ba ba zai zauna a tebur ba. Minti biyar a kullum ya isa, na tsawon mako shida ko makamancin haka: a shimfiɗa buhu a kan tebur don kada santsi ya firgita shi, a zaunar da shi, a shafa shi, a kifar da shi a hankali. A nan ne kuma ya kamata a bar wata mummunar al'ada da ta zama ruwan dare a kasuwa, watau ɗaukar zomo ta kunnuwa. Kunne ba mariƙi ba ne. Ana kama fatar kafaɗa ne da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya tallafi ƙugu, domin zomon da aka bari yana reto in ya yi harbi da ƙarfi yana iya karya ƙashin bayansa.

Ci da sha da magani

Ba a ƙiba zomon nuni cikin mako biyu. Hanjinsa yana aiki ne da wasu ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma canjin abinci farat ɗaya yakan rikita su ya jawo zawo. Ginshiƙin abincinsa busasshiyar ciyawa ce, kuma a wannan fanni Kano ba ta da talauci, ga harawar gyaɗa ga ta wake, waɗanda ba a rasa su wajen masu sayar da abincin dabbobi a kewayen 'Yan Awaki. A kan wannan ake ƙara dusar masara ko ta alkama da ɗan ƙuliƙulin dabbobi, ko curarren abincin kamfani in aljihu ya yarda, kimanin giram 120 zuwa 150 a rana ga babban zomo. Duk abin da ya yi funfuna a zubar, musamman na gyaɗa, domin gubar da ke cikinsa takan lalata hantar zomo. Ɗanyen ganye, kamar na dankali ko zogale, a bar shi ya sha iska kafin a bayar, ragowar kabeji da latas na kasuwar gwari kuwa a yi hattara da su saboda maganin feshi. Abincin kaji ma, wanda mutane da yawa suke ba zomaye don sauƙin samu, wani yakan zo da maganin zawon kaji a ciki wanda guba ne ga zomo.

Haka batun magani yake. Akwai masu kiwo waɗanda da zarar dabba ta yi atishawa sai su aika yaro kemis ya sayo kafso. Amfisilin da amoksisilin da danginsu, in aka ba zomo ta baki, sukan kashe waɗancan halittu na hanji, zomon ya bi su cikin 'yan kwanaki. Ƙazuwar kunne da ta fata suna jin magani, amma sai an ba su makonni kafin gashi ya komo, don haka tun da wuri za a kai zomon asibitin dabbobi na gwamnati, kamar na Kundila ko na Gwale, a bar likita ya auna.

Wanka kuwa babu shi a shirin nuni. Zomo da kansa yake gyara jikinsa, jiƙa shi da ruwa kuwa yakan firgita shi ya kuma ɓata gashin. In farin zomo ya yi tabon fitsari, maganinsa tsabtar keji tun da wuri, sai kuma goga da ɗan tsumma mai laima. Farata a yanke su mako guda kafin taron, a tsaya kafin jan da ke ciki.

Akwai kuma wani kayan aiki wanda bai fi kuɗin littafin rubutu na makaranta ba. A Amurka takardar asalin zomo tana nuna iyayensa da kakanninsa har hawa uku, da nauyin kowanne. Mai kiwon Unguwa Uku ba zai iya tono abin da ya wuce ba, amma yana iya farawa daga kansa: ranar barbara, ranar haihuwa, yawan 'ya'ya, nawa suka kai yaye, da nauyinsu kowane mako. A filin da kowa ke rantsuwa cewa nasa ne mafi kyau, ɗalibin da ya buɗe littafi ya nuna lambobi ya fi dattijon da ke da baki kawai, kuma mai neman iri na gari ya san haka.

Tafiya da zama a fili

Kada a sa zomo a buhu, ko a kwali rufaffe, ko a but ɗin mota. Akwatin tafiya ya zama mai iska ta kowane gefe, kowane zomo da ɗakinsa, domin maza biyu in suka haɗu sai sun yi wa juna rauni. Zuwa Titin Gidan Zu, A Daidaita Sahu ta isa, muddin an fita da sassafe kafin cunkoso. Mai niyyar Tudun Wada kuwa yana da fiye da kilomita 400 a gabansa daga tashar Unguwa Uku, kuma gaskiyar magana ita ce wannan ba tafiyar shekarar farko ba ce. Ko ina za a je, a ɗauki abincin da zomon ya saba da shi da ruwan gida. Baje koli yakan ɗauki kwanaki da yawa, ga lasifika ga ƙura ga yara masu tsokana da kara, kuma zomo dabba ce mai saurin firgita. Kwana biyu ko uku sun ishe shi. Ma'aikaci ya nemi hutunsa daidai da waɗannan kwanaki, domin rumfar zomo ba a barin ta a hannun ɗan aike.

Cutar da ke biyo mutum gida

Haɗari mafi girma ba a ganinsa da ido. A 1984 wata cuta ta ɓulla a ƙasar Sin, mai sa zubar jini a cikin jikin zomo, kuma kafin shekara ta zagayo ta kashe zomayen gida kimanin miliyan 140 a can. Daga nan ta watsu zuwa Turai da sauran duniya. A 2010 aka gano wani sabon nau'inta a Faransa, wanda ba ya barin ko 'yan jarirai. A 2020 aka tabbatar da shigowarta Nijeriya, inda ta yi ɓarna a gonakin zomaye a jihohin Kwara da Oyo, kuma a wannan shekara ce ta sa aka soke tarukan nuni da dama a Amurka. Ba ta kama mutum. Amma zomon da aka bari lafiya lau da dare ana iya tarar da shi a mace da safe, wani lokaci da ɗan jini a hanci, wani lokaci ba wata alama, kuma in ta shiga keji takan kashe mafi yawan abin da ke ciki. Ba ta da magani, sai dai allurar rigakafi, wadda ya kamata mai kiwo ya tambayi likitan dabbobi game da ita tun kafin ya biya kuɗin rumfa.

Abin da ya sa ta shafi mai nuni musamman shi ne ƙwayar cutar tana da taurin rai. Takan yi watanni a jikin tufafi da takalmi da katako da ciyawa, ƙudaje ma suna ɗaukar ta. Filin nuni kuwa wuri ne da zomaye daga garuruwa dabam-dabam suke kwana kusa da juna, masu kiwo suna zagayawa daga wannan rumfa zuwa waccan suna shafa dabbobin juna cikin zumunci. Mutum yana iya jin nauyin hana baƙo taɓa zomonsa, musamman in babba ne, amma a nan kunya ba ta da amfani. A sa waya tsakanin zomo da hannun jama'a, a ajiye ruwa da sabulu ga wanda lalle sai ya taɓa, kada a ari kwanon ci ko na sha, kuma duk wanda ya zo da zomanyarsa yana roƙon a ba shi aron namijin da ya ci kyauta, a ba shi haƙuri.

Ranar da aka komo gida, zomon da ya je nuni ba ya komawa cikin 'yan'uwansa, haka kuma duk wanda aka sayo a can. Tun kafin tafiya za a tanadi keji dabam, a nesa da sauran iyakar yadda gidan ya ba da hali, su zauna a ciki kwana 30. Sauran harawar da ta je fili a ƙone ta. Akwatin tafiya da kwanoni a wanke su da sabulu, sa'an nan a jiƙa su da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a shanya a rana. Tufafin da aka sa a fili su wuce wanki kai tsaye, takalmin kuma kada ya kusanci keji. A cikin waɗannan kwanaki 30, zomayen gida ake fara ba abinci safe da yamma, waɗanda aka keɓe su zo daga ƙarshe, kana a wanke hannu kafin a taɓa wani abu.